FAIFAN BAYAN FAGE: MAWAƘI, KAMFANI DA MASOYA A TARIHIN KIƊAN ROK

Gabatarwa

Duk wanda ya ɗauki tarihin kiɗan rok daga abin da manyan kamfanoni suka fitar kaɗai, to, rabin labari ya ji. Sauran rabin yana cikin wasu faya-fayai waɗanda aka buga a ɓoye, aka sayar da su daga ƙarƙashin kanta, ba da sanin mawaƙi ba, ba kuma da yardar kamfaninsa ba. Wannan lacca za ta bi diddigin irin waɗannan faya-fayai a Amurka da Turai, ta duba kantunan da suka yaɗa su, da mahawarar da suka haddasa tsakanin masoya. Tambayar da ke ƙarƙashin maganar duka ita ce: idan waƙa ta fita daga bakin mai ita a gaban jama'a, wa ke da ikon adana ta, wa kuma ke da ikon hana a ji ta?

Ma'ana da Rabe-rabe

Turawa suna kiran irin wannan faifai da kalmar bootleg, wadda asalinta ke nufin wuyan dogon takalmi, inda 'yan fasa-ƙwauri kan cusa kwalbar giya. Kalmar ta yi tashe a zamanin da aka haramta sayar da giya a Amurka, watau daga 1920 zuwa 1933, daga nan kuma aka ara wa kowace irin haja ta bayan fage.

Ya kamata a bambance abubuwa uku waɗanda akan haɗa su a kwando ɗaya. Na farko shi ne jabu, watau a kwaikwayi faifan kamfani da bangonsa da tambarinsa don a ruɗi mai saye. Na biyu shi ne kwafin sata, inda akan kwashe waƙoƙin da ke kasuwa a sake buga su da araha ba tare da an ɓoye cewa kwafi ne ba. Na uku, wanda shi ne abin nazari a nan, faifai ne mai ɗauke da abin da kamfani bai taɓa fitarwa ba: wasan da aka ɗauka daga cikin 'yan kallo, ko shirin rediyo, ko waƙar gwaji da ta sulale daga ɗakin ɗaukar murya. Mai sayen jabu araha yake nema. Mai sayen faifan bayan fage kuwa galibi ya riga ya mallaki duk abin da kamfani ya buga, ƙari yake so, kuma yakan biya fiye da kuɗin faifan halal.

Asali

Al'adar ta girmi kiɗan rok nesa ba kusa ba. Tsakanin 1901 da 1903, Lionel Mapleson, mai kula da takardun kiɗa a gidan wasan Metropolitan Opera na New York, ya riƙa hawa saman dandamali da na'urar Edison yana ɗaukar guntayen wasanni a kan bututun kaki, kowanne kamar minti biyu. Ta hanyarsa kaɗai ake iya jin muryar Jean de Reszke, ɗaya daga cikin fitattun mawaƙan zamanin, ko da yake tana fitowa ne dishi-dishi cikin ƙara. Haka nan a 1947 da 1948 wani mabushi mai suna Dean Benedetti ya dinga bin Charlie Parker, gwanin kiɗan jaz, daga kulob zuwa kulob, ba ya kunna na'urarsa sai Parker ya fara busa shi kaɗai, da ya tsaya kuma sai ya kashe. Ba a buga waɗannan ɗauke-ɗauke bisa ƙa'ida ba sai a 1990. Mutanen nan biyu ba ciniki ya kai su ba. Abin da ya dame su shi ne, wasa kan wuce cikin dare ɗaya, ba ya sake dawowa.

Shekarar 1969

Cinikin kansa a fagen rok ya fara ne da Bob Dylan. Bayan haɗarin babur da ya yi a watan Yuli na 1966, Dylan ya janye daga rangadi, ya koma kusa da garin Woodstock. A 1967 shi da makaɗan da aka sani daga baya da suna The Band suka ɗauki waƙoƙi fiye da ɗari, yawancinsu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida. Ba a yi su don kasuwa ba. Amma an kwafi guda 14 aka rarraba wa wasu mawaƙa ko za su so su rera, har ƙungiyar Manfred Mann ta kai matsayi na ɗaya a Ingila da ɗaya daga cikinsu a 1968. Ke nan masoya sun san akwai wata taska da aka kulle, mujallar Rolling Stone kuma ta rubuta a shekarar cewa ya dace a buɗe ta. Kamfanin Columbia bai buɗe ba.

Rashin uwa, in ji Hausawa, shi kan sa a yi uwar ɗaki. A watan Yuli na 1969 wasu samari biyu a Los Angeles, Dub Taylor da Ken Douglas, suka haɗa bakwai daga waƙoƙin nan da wasu tsofaffi na 1961, suka kai wata ƙaramar masana'anta ta buga masu faifai biyu a cikin farin bango wanda ba rubutu ko ɗaya a kansa. Shi ne aka laƙaba wa suna Great White Wonder. Gidajen rediyon birnin suka sa shi, kantuna suka yi ta nema, wasu kuma suka kwafe shi suka buga nasu, don ba kotun da ɓarawo zai kai ƙarar wanda ya yi masa sata.

Kafin shekarar ta ƙare sai aka ɗaga mataki. Ran 9 ga Nuwamba Taylor ya shiga wasan Rolling Stones a Oakland da ƙaramar rikoda ta Uher da doguwar makirufo ta Sennheiser. A watan Disamba faifan ya fito da sunan Live'r Than You'll Ever Be, mujallar Rolling Stone ta yi masa sharhi na yabo kamar kowane faifai na halal. Masu sharhi da yawa suna ganin shi ya gaggauta fitowar faifan rangadin na ƙungiyar kanta a watan Satumba na 1970. A farkon 1970 ɗin kuma waƙoƙin da Beatles suka ɗauka a Janairun 1969 suka riga kamfaninsu isa kasuwa. Samarin nan biyu suka kafa tambarin Trade Mark of Quality, mai hoton alade, suka shiga buga faya-fayai masu launi. Abin ya kai har salon ya zama abin kwaikwayo: lokacin da ƙungiyar The Who ta fitar da wasan da ta yi a Jami'ar Leeds a 1970, sai ta sa shi cikin bangon kwali mai ruwan ƙasa da hatimi a kai, tamkar na bayan fage.

Kantin Faifai

Ba za a fahimci yaɗuwar wannan haja ba sai an san matsayin kantin faifai a rayuwar matasan wancan zamani. Kanti majalisa ce, makaranta ce kuma. A nan ake jin sabon kiɗa kafin a saya, a nan ake musu, mai kanti kuwa yakan san abin da kowane abokin ciniki ke so. Tarihin rok ɗin kansa ya ratsa ta cikinsa. Brian Epstein yana kula da kantin gidansu ne mai suna NEMS a Liverpool sa'ad da masu saye suka fara tambayar wani faifai da Beatles suka yi kiɗa a cikinsa a Jamus. Ran 9 ga Nuwamba 1961 ya tafi kulob ɗin Cavern ya gan su da idonsa, ba da jimawa ba ya zama manajansu. A watan Oktoba na shekarar kuma, abin da ya sa Keith Richards ya tsai da Mick Jagger da magana a tashar jirgin ƙasa ta Dartford shi ne faya-fayan Chuck Berry da Muddy Waters da ya gani a hannunsa.

Manyan kantuna masu rassa ba su cika taɓa faifan bayan fage ba, domin suna tsoron kamfanoni su yanke masu haja. Ƙananan kantuna na kusa da jami'o'i, da rumfunan kasuwar mako, da masu aikawa ta gidan waya, su suka riƙe cinikin. Akan ajiye akwati a bayan kanta, ba a fito da shi sai ga fuskar da aka sani, ko kuwa a jera kayan a fili a ce wai na ƙasar waje ne. Tun da yake ba a iya sanin ingancin faifai daga bangonsa, sai masoya suka soma buga jagora, wanda ya fi shahara shi ne Hot Wacks daga Kanada, inda ake ba kowane faifai daraja gwargwadon kyan sautinsa. Daga baya unguwar Nishi-Shinjuku ta birnin Tokiyo ta zama matattarar irin waɗannan kantuna, har an sha ganin Jimmy Page na Led Zeppelin yana zagayawa cikinsu yana tattara wasannin ƙungiyarsa.

Ra'ayoyin Masoya

Mahawarar masoya ta kasu gida uku. Gida na farko shi ne: ina ainihin ƙungiya take, a ɗakin ɗaukar murya ko a kan dandamali? Masu bin faifan kamfani suka ce a can ne mawaƙi ya tace aikinsa, ya zaɓi abin da ya yarda a ji. Masu bin na bayan fage suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a gaban jama'a ake gane gwani, inda ba gyara ba sakewa. Hujjarsu ta yi ƙarfi game da Led Zeppelin, waɗanda sukan miƙe waƙa guda har ta kai rabin sa'a, alhali a duk tsawon rayuwar ƙungiyar faifan wasa ɗaya tak ta fitar, a 1976, wanda masoya da yawa suke ganin bai kama ƙafar wasanninta na ƙwarai ba. Ta sake ƙarfafa a 1975, lokacin da Columbia ta fitar da waƙoƙin ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Dylan: a cikin guda 24, takwas ba Dylan a cikinsu, wasu kuma an ƙara masu kiɗa daga baya. Waɗanda suka gano haka su ne masu riƙe da faya-fayan bayan fage, domin su kaɗai ke da abin gwadawa.

Gida na biyu shi ne: wane dare ne ya fi? A nan akwai darasi ga ɗalibin tarihi. Masoyan Grateful Dead da yawa sun ɗauki wasan Jami'ar Cornell na ran 8 ga Mayu 1977 a matsayin wanda ba kamarsa, har Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da shi cikin kundin muryoyin da ƙasa ke adanawa a 2012. Wasu masoyan kuwa suna cewa akwai darare a watan nan da suka kai shi ko suka fi shi, sai dai shi ne ya yi sa'ar samun ɗauka mai tsabta wadda ta yaɗu hannu da hannu. Watau abin da aka adana da kyau shi kan zama abin da ake yabo. Misali na biyu shi ne wasan Dylan na 1966, inda wani ɗan kallo ya kira shi da sunan Yahuza maci amana saboda ya bar jitar gargajiya ya ɗauki ta lantarki. Shekara da shekaru faifan yana yawo da sunan zauren Royal Albert Hall na Landan, alhali an yi wasan ne a zauren Free Trade Hall na Manchester ran 17 ga Mayu. Masu bayan fage ne suka adana wannan shaida, su ne kuma suka ɓata mata suna, masoya masu bin diddigi suka gyara.

Gida na uku shi ne na halacci, kuma shi ya raba masoya da kansu. Akwai masu ɗauka don musaya, waɗanda suka ɗauki sayarwa abin kunya. Mike Millard na Los Angeles, wanda yakan shiga zaure a kan keken guragu da rikodar Nakamichi a ɓoye ƙarƙashin mazauninsa, ya bar wasu daga cikin mafi kyan ɗauke-ɗauken shekarun 1970, ciki har da wasan Led Zeppelin na ran 21 ga Yuni 1977, amma yana ƙin masu ciniki ƙwarai, har yakan sa wata alama a kowane kwafi da ya bayar don ya gane wanda ya ci amanarsa. Akwai kuma 'yan kasuwa tsantsa, waɗanda ba ruwansu da ko sautin ya fita ko bai fita ba.

Hujjar masu suka ba ƙarama ba ce. Mawaƙi da marubucin waƙa ba sa samun ko anini daga faifan bayan fage: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan kuɗi akwai mutunci, gama mai fasaha yana da ikon ya ce wannan aiki bai nuna ba, kada a kai shi kasuwa. Prince ya janye wani faifansa a 1987 ana gab da fara sayarwa, amma aka yi ta buga shi a ɓoye har ya haƙura aka fitar da shi a 1994.

Martanin Mawaƙa da Doka

Mawaƙa ba su bi hanya ɗaya ba. Peter Grant, manajan Led Zeppelin, yakan shiga kantunan Landan da kansa ya kwashe abin da ya tarar. A Vancouver a 1971 ya farfasa wata na'ura da ya zaci rikoda ce, ashe ta ma'aikatan birni ce masu auna ƙarfin ƙara. Grateful Dead kuwa suka ɗauki akasin haka. A 1984 suka keɓe wa masu rikoda wuri a zauren wasa, bisa sharaɗin musaya ba sayarwa ba. Cikin wasanni fiye da 2,300 da suka yi daga 1965 zuwa 1995, mafi yawa an ɗauke su, kuma kaset ɗin nan na kyauta su suka riƙa jawo masu sababbin masu sayen tikiti.

Doka ta daɗe tana biye a baya. Kafin ran 15 ga Fabrairu 1972 dokar tarayya ta Amurka ba ta kare muryar da aka ɗauka ba, sai rubutun waƙa da karinta. A Ingila ƙungiyar kamfanonin faifai ta kai babban samame a 1979. Da faifan CD ya zo, sai cinikin ya koma Italiya da Jamus, inda dokoki suka bar giɓi game da wasannin baƙi da tsofaffin wasanni, har aka riƙa buga su a fili ana jerawa a kantuna. A 1988 jerin Ultra Rare Trax ya fito da waƙoƙin gwaji na Beatles cikin sauti mai tsabta irin wanda ba a taɓa ji ba. An fara toshe giɓin ne da shari'ar Phil Collins, wanda ya kai ƙarar masu sayar da wani wasansa na Kalifoniya a Jamus. A watan Oktoba na 1993 Kotun Turai ta yanke cewa ba za a hana ɗan wata ƙasa ta Tarayyar kariyar da ake ba Bajamushe ba. A 1994 Amurka ta mai da cinikin wasan da aka ɗauka ba izini laifi a dokar tarayya.

Kamfanoni Sun Bi Sahu

Abin da ya karya cinikin ya fi doka. Kamfanoni sun gane cewa kayan da suka ɗauka shara ne suna da masu saye. A 1991 Columbia ta soma jerin The Bootleg Series na Dylan, ta ari sunan abokan gabarta. A cikinsa wasan Manchester ya fito a 1998, cikakkun waƙoƙin 1967 kuma a 2014, bayan shekara 47. A 1991 ɗin Frank Zappa ya tattara faya-fayan da aka sace masa, ya sake buga su da bangonsu da komai ta hannun Rhino, kamfanin da shi ma kantin faifai ne asalinsa a Los Angeles. Jerin Anthology na Beatles, na 1995 da 1996, kowane ɗaya daga cikin ukun ya kai matsayi na ɗaya a Amurka. A 2000 da 2001 Pearl Jam ta fitar da wasanni 72 na rangadinta na 2000. Har doka ta koma tana tilasta buɗe taska: da Tarayyar Turai ta tsawaita haƙƙin mallaka daga shekara 50 zuwa 70 ga abin da aka riga aka fitar kaɗai, sai kamfanin Beatles ya yi hanzarin sakin waƙoƙinsu na 1963 a watan Disamba na 2013 don kada su kuɓuce masa.

Intanet ta ƙarasa sauran. Tun daga Napster a 1999 abin da ake biyan kuɗi mai yawa a kansa ya zama na kyauta, kantunan kuma suka shiga wahala: Tower Records, wanda aka kafa a 1960, ya rufe rassansa na Amurka a 2006. Ƙananan kantuna suka amsa da Ranar Kantin Faifai, wadda aka fara a 2008, inda kamfanoni da kansu ke buga ƙayyadaddun faya-fayai na tsofaffin wasanni, masoya suna bin layi tun da asuba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa ɓangarorin uku kowanne yana da gaskiyarsa, kowanne kuma yana da laifinsa. Mawaƙi yana da haƙƙi a kan guminsa, amma ba kullum yake sanin darajar abin da ya watsar ba. Kamfani ya zuba jari, amma lissafin riba ya sa ya kulle abin da tarihi ke bukata. Masoyi ya adana, amma sau da yawa da hannun sata.

Matsalar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Waƙoƙin jita na Buzaye sun ratsa Agadas da sauran garuruwan Sahara a shekarun 1980 da 1990 ta hanyar kaset da ake kwafa hannu da hannu, tun kafin wani kamfani ya san da su. Da yawa daga waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da na Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an same su ne daga gidajen rediyo da kuma mutanen da suka ajiye rikoda a wurin biki ko a fada. Kaset kuwa yana da iyakar kwana, masu shi suna tsufa, magada ba kullum suke sanin abin da ke cikin akwati ba. Aikin da ke gaban jami'o'i da gidajen rediyo da hukumomin adana tarihi shi ne su tattara waɗannan muryoyi, su rubuta wuri da rana da sunan wanda ya ɗauka, don kada a maimaita kuskuren Manchester, sa'an nan su tsara yadda iyalan mawaƙa za su sami rabonsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.